Gangunan Yashi a Saman Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman daji? Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Tunda waya ba ta shiga wurin ginin madatsar ruwan naku, direban da ke kai muku abinci zan ba takardar nan.

Albishirinka, na fasa kama zauren biki. Da na ji kuɗin da masu shi suke nema sai da na nemi wuri na zauna. A saman gidanmu za a yi, kan rufin kankaren da Baba, Allah ya jiƙansa, ya zuba. Ga fili, ga iska, ba mai zuwa ya ce lokacinku ya cika.

Tela, wato angon nawa, ya harhaɗa ragowar yadudduka na shagonsa ya ɗinka rumfa. In ka gan ta sai ka rantse daga kanti take. Kujeru aro ne daga maƙwabta. Ni da ƙawayena mun wanke kwalabe mun cusa musu furannin takarda, katin gayyata kuwa da hannu na rubuta har yatsuna suka ƙage.

Sandunan rumfar ne suka so ba mu wahala, don ba ma son huda rufi ya zo yana yoyo. Sai na yi dabara: muka hau da gangunan ƙarfe, muka cika su da yashi, muka kafa sanda a kowace. Suna nan jere a tsakiya. Ka ce ba ni da kai.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da ke. Allah ya sanya alheri. Kina da kai, ban taɓa musu ba. Amma ki karanta wannan a zaune.

Ki sauke gangunan nan.

Ina wurin aka zuba rufin, ke a lokacin kina goye. Rodi ya yi wa Baba kaɗan, sai aka wawware shi, tsakanin ɗaya da ɗaya ya fi taku. Kaurin kankaren bai kai tafin hannu ba. Baba ya san haka. Shi ya sa ya ce ba za a ɗora bene ba har abada, shanya kawai za a riƙa hawa yi. Bai yi laifi ba, daidai ƙarfinsa ya yi.

Gangar yashi guda ta fi nauyin ƙarti huɗu, kuma ba ta motsi, wuri ɗaya take dannawa. Kin jera su a tsakiya, inda babu bango a ƙasa. Abin da ke ƙarƙashin tsakiyar nan ɗakin Inna ne. Yanzu ki ƙara mutane a kai, ki ƙara kiɗa, kowa yana buga ƙafa lokaci guda.

Na nemi izinin tahowa, an ce sai an gama zubin kankaren da muke ciki. Ki shiga ɗakin Inna ki ɗaga kai ki duba, ki rubuto mini abin da kika gani.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta zo, ta kuma ɓata mana yini.

Na karanta wa Inna. Ta ce, “Wato ubansa bai iya gini ba ke nan? Shekara nawa ina kwana a ƙarƙashinsa, ko ƙura bai taɓa zubo mini ba.” Goggo kuma ta ce kai dama tun kana ƙarami ko tsani ba ka hawa sai an riƙe maka.

Ka duba halin da nake ciki. Kati ya riga ya fita, kowa ya san a sama za a yi. Dangin Tela tun farko suna yi mana kallon waɗanda suka kasa, wata gwaggonsa har cewa ta yi bikin kwalabe za ta zo gani. Yanzu in ce musu gidan namu ma ba zai ɗauke su ba?

Na duba ɗakin kamar yadda ka ce. Ba abin da ake gani, don ni da kaina na yi masa fenti saboda baƙi. Akwai wata ’yar tsaga da na tarar daga wurin fanka zuwa taga, siririya ce kamar zare, na cike ta na shafe. Tun da daɗewa take, ina jin.

Abu ɗaya dai, ƙofar Inna ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Kafinta ya ce zai zo ya fere ta. Gobe za a hau da gangunan ruwa na sanyaya lemo.

Kada ka yi fushi da ni.
Auta

*

Zuwa ga Tela,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da mutanen gida. Ba mu saba rubutu da kai ba, ka yi haƙuri da na fara da irin wannan.

Ƙofa ba ta cijewa haka kawai. Rufin ne ya fara lotsawa yana danna ta. Tun da na karanta maganar nan hankalina ya bar kan aiki, yau sau biyu mai gidanmu yana yi mini tsawa a bakin aiki. Ban san ko takardar nan za ta riski rufin a tsaye ba.

Auta tana jin kunyar danginka, Inna tana kare mijinta. Kai kaɗai ne ba abin da ya ɗaure ka. Ga abin da nake roƙo. Ka fara fitar da Inna, ko da dabara ce. Kada a fere ƙofar. A samo katako masu kauri a tokare rufin daga cikin ɗaki. Bayan nan mutum ɗaya tak zai hau, ya bi ta gefen bango, ya riƙa kwashe yashin da bokiti. Kada a mirgina ganga, kada a ja ta. In an ji ƙara kamar ana karya busasshen kara, a bar komai a sauko.

In danginka sun yi magana, ka ce ni ne na hana. Na yarda su zage ni har ƙarshen rayuwata.

Na ba ka amana.
Yayan Auta

*

Ranka ya daɗe Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya same ni a kan keken ɗinki, ban ƙarasa kalmasa rigar da ke hannuna ba.

Na ce wa Inna ɗinkinta na biki ya yi kuskure, sai ta zo shago an sake awo. Ta zo tana faɗa. Ƙanwata ta riƙe ta da hira da gwajin kaya har muka gama.

Mun tarar an riga an hau da gangar ruwa biyu. Da muka shiga tokare rufin, na kankare fentin da almakashi. Tsagar da Auta ta ce zare ce, bakin almakashin ya shige cikinta. Na kira ta ta gani. Ta fita ta zauna a ƙasa.

Ni na hau. Ina tsakiyar kwasa na ji ƙarar da ka faɗa, sau ɗaya. Na tsaya da bokiti a hannu, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na saɓa maka, na ƙarasa, don na ga barin sauran ya fi haɗari.

Mun lallaɓa Inna ta koma kwana ɗakin Auta har a gama biki. Za mu kafa rumfar a layi, maƙwabta sun yarda.

Naka cikin girmamawa,
Tela

*

Yaya,

Ina gaisuwa. An yi biki a ƙofar gida, ba wanda ya hau sama. Gwaggon nan ta tafi da kwalba uku a jakarta.

Ina tarewa gidan Tela, Inna ta koma ɗakinta. Ta sa an cire katakon, wai sun tsaya mata a kai kamar an yi mata keji. Na yi kuka, Tela ya durƙusa, ta ce ba inda za ta.

Da safen nan na je gaishe ta, na same ta tana kakkaɓe garin siminti daga kan matashinta. Ta ce kada in faɗa maka.

Ka bar zubin nan, ko da za su kore ka. Ka zo.

Ƙanwarka, Auta