Tsallen Tecolote a Kashi na Sittin da Biyu

Birnin Mexico, 4 ga Maris

Zuwa ga aminina, kompadre na, Nemesio Barragán,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka komadre Chabela da 'yarku Ofelia, wadda na riƙe ranar baftismarta, da duk mutanen gida. Yaya ƙafa? Na san sanyin Zacatlán ba ya raga mata. Ni dai ina nan, gwiwa ta ƙi, amma kai garau yake.

Kamar kullum, Doña Amparo ce ke buga mini wannan a tafiretarta a dandalin Santo Domingo. Kada ka damu da ita, ta fi fadan coci riƙon sirri.

Abin da ya sa na rubuto, gidan talabijin ɗinmu na dā zai sake yin shirinmu na sararin samaniya, Jirgin Kyaftin Zenón. Sabo fil, da sababbin yara. Da suka je neman tsofaffin kaset ba su sami ko ɗaya ba. Rabi sun goge da hannunsu sun ɗauki wasan ƙwallo a kai, sauran kuma girgizar ƙasa ta binne. Sai wani ya ce musu akwai tsohon da ke jan igiyar ƙofofin jirgin, bai mutu ba tukuna. Ga wata mata ta hawo har ɗakina, Señora Itzel Maldonado, ita ce shugabar shirin, tana haki saboda matakala. Ta ajiye na'urar ɗaukar magana a kan tebur ta ce, "Don Eleuterio, ko akwai ɗan abin da kake tunawa?"

Ɗan abin da nake tunawa! Kwana uku tana zuwa. Na jero mata kashi ɗari da arba'in da ɗaya, kowanne da baƙon da aka gayyato. Mawaƙin nan da ya suma a cikin kwalkwalin gilashi muka yi ta yi masa fifita da kwali. Mai tsaron ragar ƙwallon nan da ya ƙi yarda dodon sararin samaniya ya kashe shi, wai mahaifiyarsa tana kallo. Sarauniyar kyau da koren fenti ya ƙi fita daga wuyanta sai da Chabela ta kawo man alade daga gida. Matar nan tana rubutu tana dariya, tana cewa kaina ya fi ɗakin ajiyarsu amfani.

Har muka zo kashi na sittin da biyu. Ashe da shi za su buɗe sabon shirin. Sun gayyato ɗan Tecolote, wanda ya gaji hular rufe fuskar ubansa mai siffar mujiya a fagen kokawa, zai maimaita tsallen da uban ya yi daga saman jirgin. Na ce mata uban bai yi tsallen komai ba. Ranar Alhamis ɗin nan yana Monterrey yana kokawa, hular kawai ya aiko a kwalin takalmi. Darakta ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba faɗin ƙirji, ya tsaya a kan kafintan da ya gina jirgin, wato kai. Kai ka sa hular mujiyar nan, kai ka diro daga mita huɗu, ƙugunka ne ya karye, kuma ka miƙe ka ɗaga hannu har aka kashe kyamara.

Dariyarta ta tsaya. Ta fito da wata tsohuwar jarida mai hoto ta ajiye a gabana. Na ce ban iya karatu ba, amma na san cibiyar kompadre na idan na gan ta.

Ta ce ba ta aiki da cibiya, sai da takarda. To, Nemesio, ka aiko mini da takardar asibitin nan. Na san tana cikin gwangwanin biskit da Chabela ke ajiye takardu. Shekara arba'in da biyu yara suna dirowa daga saman kabad suna ihun sunan wani, kai kana ɗingishi zuwa kasuwa. Ya isa haka.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Eleuterio Pacheco

Birnin Mexico, 27 ga Maris

Kompadre Nemesio,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina so in san ko hannunka ma ya karye ne. Mako uku ke nan. Na bugo waya gidan Ofelia, ta ce kana barci. Da ƙarfe sha ɗaya na safe! Na ji tarinka a bayanta, tsohon banza. Doña Amparo ta ce ba za ta buga kalmar da na faɗa a nan ba, ka cike da kanka.

Na je inda suke ɗaukar shirin. Ba ka ga abin takaici ba. Babu jirgi. Wani koren ƙyalle suka rataya daga sama har ƙasa, 'yan wasa suna tsaye a gabansa suna nuna iska da yatsa. Na tambaya ina ƙofofin, wani mai gemu ya ce kwamfuta ce za ta zana su daga baya. Na ce to wa zai ja? Ya dube ni kamar ni ne baƙon da ya sauko daga wata duniyar.

A can na ga ɗan Tecolote. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Yana cin tako ta ramin bakin hular, da ya gan ni ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya ce, "Don Eleuterio, an ce ka san babana." Ya ce tun yana ƙarami uban ke ba shi labarin tsallen nan, har ya haddace. Na ce, "Ɗana, babanka namiji ne, na gan shi ya ɗaga mutum biyu lokaci ɗaya a fage. Amma ranar nan yana Monterrey." Mai kula da harkokin yaron, wani siriri mai ƙamshin turare, ya kama gwiwar hannuna ya ce, "Kaka, zo ka sha iska, rana ta taɓa ka." Na ce, "Sake ni, ɗan tsako. Ina jan igiya a gidan nan tun uwarka ba ta san sunan ubanka ba."

Señora Maldonado ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce duk abin da na faɗa a kan sauran kashi ɗari da arba'in sun bincika sun tarar daidai ne, har launin rigar sarauniyar kyau. Na ce to me ya sa ɗaya tal ya zama rikicin tsufa? Ta ce dai ranar ƙaddamarwa, Asabar ta biyu a Afrilu da ƙarfe huɗu, za a haɗa tsofaffin ma'aikata a kan dandamali, kai tsaye ƙasa duka tana kallo, kuma za a ba ni minti biyu in yi maganar ƙofofi. Ƙofofi! Minti biyu sun ishe ni. Da takarda ko babu takarda zan faɗi sunanka, in faɗi wanda ke cikin hular.

Na san abin da za ka ce, ba a tona wanda ke ƙarƙashin hula. Ni ma a unguwar Tepito aka haife ni, ba sai an koya mini ba. Amma wannan doka ta 'yan kokawa ce, don kare fuskar mai hula. Kai wa ta kare?

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa maka ba, yanzu ma Doña Amparo ta ɗago kai tana kallona. Ranar nan an ce in ja ƙofar sama idan darakta ya sauke hannu. Na ja kafin ya sauke. Kaɗan ne, kamar ƙiftawar ido, amma yaran katifa ba su gama turo ta ba. Ka ga ƙofa a buɗe ka diro, rabin jikinka ya sauka a siminti. Ba wanda ya lura sai ni. Duk abin da na riƙe a kaina na shirin nan, wannan ne na fi gani sarai, har ƙarar. Ƙafar ba zan iya mayar maka ba. Sunan kawai nake iyawa, kai kuma ka kwanta kana barcin ƙarya.

Ka amsa mini, don girman Budurwa ta Guadalupe.

Kompadrenka,
Eleuterio

Birnin Mexico, 15 ga Afrilu

Nemesio,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, musamman komadre Chabela, wadda ta yi haƙurin zama da dutse shekara hamsin.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, kwana biyu kafin taron. Na sa Doña Amparo ta karanta mini sau uku, na uku har da cire tabarau. Wato a kwana na uku da kwanciyarka asibiti Tecolote ya zo. Ya rufe ƙofa, ya kwance igiyar ƙeya, ya cire hular a gabanka. Mutumin da aka ce ko maƙwabtansa ba su san sana'arsa ba, wanda aka binne da hularsa. Ya zauna awa guda da fuskarsa a buɗe yana ɓare maka lemo, ya ce yanzu kowa ya riƙe sirrin ɗan'uwansa. Ni kuma ina ina? Ina ƙasa ina layin sayo maka kunun atole! Na hawo na wuce wani mai sanƙo a matakala ko ban wuce ba, yau kwana huɗu ina juya abin, na kasa tunawa. Ni, Eleuterio Pacheco.

Ka ce ƙafar taka ce, tsallen naka ne, shirun ma naka ne. Ka ce maganar ƙofa kuwa shirme ce, ramukan idon hular an yanka su ne don fuskar wani, ba ka ga katifa ba, ba ka ga komai ba, ko na jira awa guda a simintin za ka sauka. Wannan ban yarda ba. Kai ba ka gani, ni ina gani. Na ja da wuri. Kada ka ƙwace mini wannan ma.

To ga yadda aka yi, ko da yake na san kun kalla, Ofelia ta ce har maƙwabta sun shigo. An jera mu mu biyar a kujeru, an shafa mini hoda kamar gawa. Ɗan Tecolote ya yi tsallensa a kan katifar da ta kai ɗakina faɗi, da igiya ɗaure a ƙugu, mutane suka yi ta tafi. Sai mai gabatarwa ya miƙo mini abin magana ya ce, "Don Eleuterio, kana wurin ranar da Tecolote ya yi wannan tsalle. Me ka gani?" Na hango Señora Maldonado a bayan kyamara ta dafe ƙirji. Yaron nan yana tsaye kusa da ni yana haki ta cikin hular ubansa. Maganar tana kan harshena, kompadre, har na ji ɗacinta.

Na ce na ga jirgi. Na ce kafin mutum ya diro daga saman jirgi sai an sami wanda ya gina shi. Na ce kwalayen ƙwai ɗari tara ya manna ya fesa musu ruwan azurfa suka zama bango, kujerar kyaftin daga tsohuwar motar haya ya ciro ta, fitilun tebur kuwa na bishiyar Kirsimeti ne. Na ce mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan kokawa sun zo sun yi yini ɗaya sun tafi, shi shekara huɗu yana kwana da ƙusa a baki. Sunansa Nemesio Barragán, kafinta, mutumin Zacatlán. Mai gabatarwa ya ce, "Madalla, to tsallen fa?" Na ce Nemesio Barragán. Ya kai hannu zai karɓi abin maganar, na riƙe, ka san hannun mai jan igiya. Na ce Barragán, ku rubuta, tunda ku da rubutu kuke yarda. A nan suka sako tallar sabulu.

Mai turaren nan ya ce wa mutane tsufa ne. Señora Maldonado ta ce za a sa sunanka a jerin sunayen ƙarshen shiri, da ƙananan haruffa, wai wanda ya gina jirgin farko. Sai Ofelia ta duba mana, kada su ci harafi.

Kada ka ɗauka na huce. Na tsaya a gaban ƙasa duka, an tambaye ni abin da na gani da idona, na kauce. Ban taɓa yin haka ba tunda uwata ta haife ni, kuma saboda kai na yi. Yaron nan zai ci gaba da ba 'ya'yansa labarin da ba haka yake ba. Ba zan tambaye ka kamannin Tecolote ba, riƙe abinka, ka ji daɗi.

Amma ka saurara da kyau. Kai ka yi masa rantsuwa, ni ban yi ba. Shirun naka ne muddin kana numfashi. Ranar da ka riga ni, bakina nawa ne, zan sa baƙar rigata in tafi gidan talabijin ɗin nan in zauna a ƙofa har sai sun kunna kyamara. Saboda haka idan kana son sirrinka ya daɗe, ka daina taurin kai, ka ci abinci, ka sha maganin da likita ya ba ka. Ni shekarata saba'in da tara, kuma kakana ya haura ɗari.

Zan shigo motar safe ranar Asabar. Ka ce wa komadre ta rage barkono.

Naka, duk da halinka,
Eleuterio Pacheco