Gwangwanin da Doreen ta Goge

Antigo, Wisconsin
4 ga Mayu, 1979

Zuwa ga aminina Harlan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Joyce da jikoki. Yaya gwiwar nan taka? Da gaske ita ke hana ka shiga juji tonon gwangwani, ko ragwancinka ne ka laƙaba mata?

Albishirinka! Na samu gwangwanin giyar garinmu, mai bakin mazurari, na kamfanin da babana ya yi wa aiki har aka rufe shi. Shekara goma sha ɗaya ina nemansa, sai ga shi a teburin wani tsoho a kasuwar tsofaffin kaya ta Oshkosh. Duk abin da ka koya mini na yi. Na duba ɗinkin gefe, na kai shi rana in ga ko an sake masa fenti, har cikinsa na shinshina. Tsohon ya gaji ya ce, "Dattijo, saye za ka yi ko aurensa ka zo nema?" Fentin asali ne, ja da ruwan zinariya, 'yar tsatsa kaɗan a gindi. Na ɗora shi a kan kantar sama a ɗakin ƙasa, inda nake jera tsofaffin gwangwanayen da nake tarawa.

Doreen jiki lau, sai dai mantuwar kullum ƙaruwa take. Jiya sau uku ta soya mini ƙwai. Likita ya ce in kai ta gidan tsofaffi, na ce matata ba za ta kwana a hannun baƙi ba ina raye. Yanzu da ni kaɗai take sakin jiki, iyakar abin da ya rage mana ke nan.

Naka,
Merle

19 ga Mayu

Harlan,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Ranar Laraba na fita yankan ciyawa. Da na shigo sai na tarar da Doreen a wurin wanke-wanke, soson ƙarfe a hannunta. Ta goge gwangwanin tas, ko ɗigon ja bai saura ba. Ta miƙo mini tana murmushi, ta ce, "Duba, Merle, na fitar maka da dattin."

Ka san mu, ko tsumma mai kaushi ba ma bari ya taɓa fenti. Amma ita ina ta sani? Macen da duk rayuwarta ba ta taɓa barin tukunya da baƙi ba. Shekara arba'in da ɗaya ban ɗaga mata murya ba, ran nan na daka mata tsawar da har maƙwabta suka ji. Abin da na faɗa ba zan iya rubuta maka ba. Ta saki soson, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta fito na ba ta haƙuri har na gaji, kallona kawai take yi.

Kunya ta ishe ni, Harlan. A kan gwangwani!

Merle

30 ga Yuni

Aminina,

Wasiƙarka ta iso, na gode. A gaida Joyce, a ce mata burodin ayabar ya zo lafiya.

Ka ce za ta manta. Ta manta gwangwanin, ta manta sunana, amma tsawar tana nan. Kwana biyu ta ƙi abinci. Rannan ta ja ni gefe tana raɗa, ta ce, "Bawan Allah, akwai wani mugu mai gwangwanaye a gidan nan. Kada ka gaya masa inda nake."

Sai na ce mata ya tashi, ya bar mata kayansa ta goge. Tun daga ranar, kowace safiya nakan sauko mata da guda ɗaya da sabon soso. In tana gugar takan ci abinci, wani sa'in har da 'yar waƙa. Na fara da na kantar ƙasa, yanzu mun kai kan waɗanda muka yi musaya da kai. Ka yafe mini. Kada ka ajiye mini teburi a taron masu tara gwangwani na bana, ba ni da abin kawowa.

Jiya tana cikin guga ta ɗago kai ta ce, "Wai yaushe mijina zai dawo? Da yana nan, ba wanda ya isa ya yi mini tsawa."

Na ce mata yana hanya.

Ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
Merle Dombek