Yayana Na So In Ari Muryar Kawu

Anti Ummusalma, don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa kafin makon nan ya ƙare. Keke nake tuƙawa a Mubi, daga kasuwar shanu zuwa bakin makarantar poli, amma abin da aka san ni da shi kwaikwayon murya ne. Ba wanda na ƙyale. Na taɓa laɓewa bayan katanga na kira dillalai da muryar shugabansu, suka taso a guje har ɗaya ya bar hularsa. Dada, mahaifiyarmu, kullum cewa take bakin nan nawa sai ya ja min.

Yayana, Hamma Jatau, shi ya yi boko a gidanmu, ni allo kawai na yi. Yana aiki a wani filin jirgin sama, can saman hasumiya, shi ke gaya wa matuƙa su hau ko su sauko. Ɗan kamashon jirage nake ce masa. In ya zo hutu sai in toshe hanci in riƙa yi masa Turancin oba-oba irin wanda suke yi da matuƙa, shi kuma ya bi ni da takalmi.

Wannan zuwan na yi masa, bai ko ɗaga kai ba. Sai da muka je gonarmu ta Mugulbu ya gaya min ba hutu ya zo ba, dakatar da shi aka yi. Ya ce aikinsu kamar karatun allo ne: ya biya wa matuƙi, matuƙi ya maimaita, shi kuma ya kasa kunne ya gyara in an yi kuskure. Ranar ya ce wa wani jirgi ya sauko zuwa ƙafa dubu goma sha ɗaya ya tsaya. Matuƙin ya maimaita dubu tara. Shi kuwa hankalinsa ya riga ya koma kan wani jirgin da ke kiransa, bai gyara ba, matuƙi ya ɗauki shirun a matsayin amincewa. A dubu taran nan akwai wani jirgi cike da mutane. Na'urar cikin jiragen ce ta yi ƙara, suka kauce wa juna. Ba wanda ya ko ƙwarzane, amma Hamma ya ce ya ga jiragen kamar ɗigo biyu na neman haɗewa a fuskar na'urar da ke gabansa, har yanzu in ya rufe ido su yake gani.

Anti, gidan ya zama wani iri. In ya aike ni sayen ƙosai sai ya sa na maimaita aiken. In jirgi ya gifta can sama sai ya shige ɗaki. Dada kuwa murna take, tana gaya wa maƙwabta an ba ɗanta dogon hutu saboda ƙwazo, ni kuma nake taya ta da barkwanci don kar ta lura. Dariyar ma ta fara yi min ciwo a muƙamuƙi.

Ga inda na maƙale. Kwamitin bincike ya kira shi mako mai zuwa, za a kunna muryarsa da aka naɗa a gabansa. Ya ce ba zai iya zama ya ji shirun nan nasa ba. Wai in kira shugabarsu, Madam Miriyamu, da muryar Kawu Sulaiman, ƙanen Dada, in ce Jatau na kwance ba lafiya, a ɗage. Muryar Kawu ba ta min wuya, har tarinsa na iya. Hamma shi ya sayo min keken nan, shi ke zuwa ba da haƙuri duk inda tsokanata ta ja rigima, kuma bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. In na ƙi, na guje shi ranar da ya buƙace ni. In na gaya wa Dada na ci amanarsa, ƙila ma ta ce wasana ne. Jiya har na danna lambar, na share maƙogwaro, na kasa. Yaya zan yi?

Ɗan Keke, Mubi

Ɗan Keke, sannu da wannan nauyi. Kada ka yi kiran nan.

Na fahimci yayanka. Ba ragwanta ke damunsa ba, mutumin da ya san rayuka nawa suka ratsa ta hannunsa ne yake firgita haka. Kai ma ƙaunarsa ce ta kai yatsanka kan wayar. Amma duba abin da kiran zai haifar. Yanzu abin da ke kansa kuskure ne, kuma ba nasa shi kaɗai ba: matuƙi ya faɗi lamba ba daidai ba, shi bai kama ba. In ka ari muryar Kawu, ka ɗora ƙarya a kan kuskure, kuma ka ɗora ta gaban mutanen da sauraren murya ne sana'arsu. Ko ba a gano ba, an ɗage ne kawai, muryar da aka naɗa tana nan tana jiransa.

Ban san hukuncin da za su yanke ba, ba zan yi maka alkawari ba. Abin da na sani, akwai tambayoyin da shi kaɗai ke da amsarsu: jirage nawa ke hannunsa a lokacin, wa ya kira shi, ya samu hutu ko bai samu ba. In bai je ba, shirun nan kaɗai za su ji.

Ka mai da shi gonar, ka gaya masa da muryarka ta gaskiya cewa ba za ka kira ba, amma za ka ajiye keke ka raka shi har ƙofar ofishin. Dada kuwa daga bakinsa ya kamata ta ji, kana zaune kusa. Ka kuma matsa masa ya ga likita kan firgitar nan, ba abin kunya ba ne. Zai yi fushi, ka jure. Ya sha jure naka.

Ranar tafiya, in kun isa tasha, ka ce ɗan kamasho ya gaya maka inda za shi da abin da zai faɗa. Ka bar shi ya maimaita, kai kuma ka kasa kunne har ya gama. Allah ya sassauta masa, ya ba ku sa'a, ya dawo da ranar da zai sake bin ka da takalmi.

Anti Ummusalma