Sunana da Yatsun Kaka

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Mama da su Wumpini. Yaya gyaran kekuna, yaya kuma ƙafar nan taka? Mu muna lafiya. Kaka tana cin abinci sosai, har kumatunta sun fara dawowa.

Ban rubuta sunan gari a saman takardar nan ba, kamar yadda aka koya mana a makaranta. Sayibu mai motar doya zai ba ka ita hannu da hannu. In ka karanta ka jefa ta a wuta.

Baba, na yi wani abu da ban gaya wa kowa ba sai 'yar mai gidanmu, ko Kaka ba ta sani ba. Lokacin da ɗan Baffa Ziblim ya rasu aka ce Kaka ce ta kama kurwarsa, mutane suka taru a ƙofar gidanmu da sanduna, kai ka fitar da mu ka kawo mu nan. Ka ce in kula da Kaka, kuma kada in faɗi sunana ga kowa. Wallahi bakina bai faɗa ba. Duk kasuwa Afiya ake kirana, sunan da Maame Serwaa mai gidanmu ta sa mini. Wayar da ka bar mana ce ta faɗa.

Ka san ba na iya kiran masu saye. In mutum ya tsaya a gaban tiren daddawarmu, sai in ji harshena ya yi nauyi. Kaka takan ce da daddawa na da baki, da ta fi ni iya talla. Shi ne Abena, 'yar Maame Serwaa, ta buɗe mini shafi a dandalin zumunta na waya, da sunan Afiya Mai Daddawa. Ina sa hoton daddawa, mutane suna saye. Baba, a can ina da baki. Wata mata ta rubuto cewa daddawarmu ta sa mijinta ya daina cin abinci a waje, na ce mata to ta ƙara saye tun bai tuna hanya ba. Mutane suka yi ta dariya. Ni ce na rubuta haka, ni da ka sani.

Sai rannan aka rufe shafin. Abena ta karanta mini saƙon masu dandalin, wai wani ya kai ƙara cewa ba sunana na gaskiya ba ne, kuma doka ce kowa ya yi amfani da sunan da ke kan katinsa. Suka ce in ɗauki hoton kati in aika. Na daure na ƙi. Amma kullum sai in buɗe wayar in ga ƙofa a rufe, in ji kamar an sake korata daga gida. Ba don ciniki ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Kewar Afiya nake yi. Na ɗauki katin asibitina na aika. Na zaci za su duba ne kawai su mayar mini da shafina.

Sun mayar mini, amma sun cire Afiya. Yanzu Neindow Tungteiya ne a sama da manyan baƙaƙe, sunanka da nawa. Na yi ta danne-danne in canza, ya ƙi. Hatta hotunan da Abena ta ɗauke ni ranar Sallah ta maƙala mini a shafin, duk sunan ya hau kansu, ga fuskata a fili.

Abin da ya fi ba ni tsoro, shafin ya fara nuno mini mutane yana cewa wataƙila na san su. Baba, mutanen gida ne. Na ga mai shagon kusa da masallaci, na ga Sanatu 'yar Baffa Ziblim. Abena ta ce lambobinsu da ke cikin tsohuwar wayarka ne suka jawo su. Na tambaye ta, in ni ina ganin su, su ma suna ganina? Sai kawai ta miƙo mini wayar.

Ka yafe mini. Ka gaya mini abin da zan yi. Ka gai da Mama, amma kada ka gaya mata tukuna.

'Yarka,
Tungteiya

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri, ina gai da Mama da yara. Sayibu ya ce bai same ka kai kaɗai ba sai a kasuwa ta biyu, don haka ban san ko ka karanta waccan ba. Ba zan iya jira ba.

Sun gan ni.

Ka tuna yadda Kaka ke cura daddawa? Kowace mace a garinmu tana da tata shaida, don a san ta waye a kasuwa. Kaka tana danna yatsu uku a kai, kuma da yake ɗan yatsanta na tsakiya ya karkace tun tana budurwa, ramin tsakiya yakan kwanta gefe. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Na yi ta ɓoye fuskar Kaka, ko hannunta ban taɓa bari ya shiga hoto ba, ashe kullum ina sa shaidarta a gaban duniya.

Sanatu ce ta rubuta a ƙarƙashin wani hoto, inda kowa ke gani: "Ikon Allah! Tungteiya, ke ce? Wannan yatsan ai mun san mai shi. Ashe tsohuwa na nan da ranta." Na goge. Ta sake rubutawa: "Goge mana, na riga na ɗauka." Matar nan da mijinta ya daina cin abinci a waje, ba ta san komai ba, ta shigo ta ce ai daddawar tsohuwa ba ta da na biyu, duk mai so ya zo kasuwarmu, layin da motocin doya ke sauke kaya. Har sunan garin ta faɗa. Taimakona take yi, Baba.

Daga nan sai Napari, wan marigayi ɗan Baffa Ziblim, ya aiko mini saƙo a ɓoye. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce, "Ƙanwata, kin girma. Ki gai da tsohuwa, ki ce mata muna nan tafe mu gaishe ta." Tun da na karanta ba ni da sukuni. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko waye.

Na so in share shafin gaba ɗaya. Abena ta ce in na share yanzu kamar na ce musu e ne, kuma abin da suka ɗauka yana hannunsu. Ban sani ba ko gaskiyarta ne. Ita ma kuka take yi, wai ita ta jawo.

Kaka ba ta san komai ba. Jiya tana dafa kalwa tana waƙa, irin wadda ta daina tun kafin mu baro gida. Ta dube ni ta ce, "Ke uwar kunya, wa ya mutu? Ko wani yaro ne ya ce yana so, kin rasa bakin amsawa?" Na yi dariyar dole. Yaya zan gaya mata? Ita da sai a nan ta fara barci ba ta sa turmi a bayan ƙofa ba.

Don Allah kada ka taho. In ka bar gari yanzu za su biyo ka. Ka ci gaba da cewa ba ka san inda muke ba.

Allah Ya tsare mana kai.

'Yarka mai biyayya,
Tungteiya

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama da ƙannena. Saƙonka na baki ya iso, Sayibu ya ce ka ce ba ka yi fushi ba. Na yi kuka da na ji, domin na fi tsammanin faɗa.

Napari ya zo. Ranar babbar kasuwa ce, Allah Ya taimaka Kaka tana gida tana shanya, ni kuma na sunkuya bayan buhunan gawayi ina ɗaure kaya. Muryarsa na fara ji. Yana riƙe da waya yana nuna wa mata hotona, yana cewa ƙanwarsa ce ta ɓata, uwarta ba ta da lafiya. Na lafe a wurin. Ina ganin takalminsa ta tsakanin buhuna.

Maame Serwaa ce ta tare shi. Ba ta san labarinmu ba a lokacin, amma ta ga yadda na lafe. Ta ce masa, "Kai saurayi, kasuwa ka zo ko farautar 'yan mata? In doya kake so ga doya, in ba ka da kuɗi matsa ka ba masu saye wuri." Ya ce daddawa yake nema. Ta ce, "Da wannan fuskar taka ai ba ka buƙatar daddawa, ko miya ka leƙa ta ji." Matan layin suka kwashe da dariya, ya wuce. Amma bai yi nisa ba, ya daɗe a tsaye wajen motoci yana kallon layinmu.

Da muka koma gida na gaya wa Maame Serwaa komai, har maganar maita. Ina magana ina tsoron ta kore mu. Sai ta ce tsohuwar da ta yi mata jinyar jikanta da hannunta ba za a taɓa ta a gidanta ba. Za ta mayar da Kaka gidan gonarsu, wurin yayarta, inda ko motar kasuwa ba ta zuwa.

To amma Baba, na yi tunani. Kaka ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. Ba ta da shafi, ba wanda zai rubuta sunanta ya same ta. Ni ce ke da fuska a wayar kowa, ni ce ke da suna. Duk inda aka gan ni an ga Kaka. Ka haɗa ni da ita don in tsare ta, yanzu kuwa ni ce hanyar da za a bi a same ta.

Ƙanwar Maame Serwaa tana sayar da busasshen kifi a Takoradi, can bakin teku, tana neman yarinyar da za ta taya ta. Na ce zan je. Ban share shafin ba, kuma ba zan share ba. Na ɗebi daddawa mai shaidar Kaka cike da ƙwarya, zan tafi da ita. In na isa zan tsaya a bakin teku da tirena a ɗauke ni hoto, in rubuta cewa mun tashi, ga sabon wurinmu. Zan riƙa sa hoton daddawar kaɗan-kaɗan don ta daɗe. Tunda sunana suke bi, bari ya kai su nesa.

Ina jin tsoro, Baba. Ban taɓa ganin teku ba, ban san kowa a can ba, kuma na san wata rana zan ɗaga kai in ga takalmin nan a gabana. Amma in ya zo, ni kaɗai zai tarar.

Na ce wa Kaka aiki na samu. Ta ce, "Ke da ba ki iya ce wa akuya kauce ba, za ki sayar da kifi?" Sai ta kama hannuna ta riƙe, ta daɗe tana kallona, ba ta tambaye ni komai ba. Da safe na ga ta cura daddawar gida sumul, ba ta danna yatsa ko ɗaya ba.

In Baffa Ziblim ya nuna maka hotona a bakin ruwa, ka yi mamaki kamar kowa. Ka ce wa Mama ta yi mini addu'a. Motarmu za ta tashi ranar Asabar.

Taka har kullum,
Neindow Tungteiya