Motar da Baba Yake Tayarwa Duk Juma'a

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa daga Aljeriya. Ya Inna Luba da mutanen Yako? Lafiyata lau. Aikin ginin ya tsaya, amma ana cin abinci.

Jiya na kamo shirin makanikan nan masu barkwanci na rediyo a wayata, sai na ji muryarka. Ka ce shekara uku kana tayar da motata duk Juma'a don kada batir ya mutu kafin in dawo, yanzu ta ƙi tashi. Suka ce a bar wa kaji su yi ƙwai a ciki. Abokan ɗakina suka yi ta dariya. Ban ce musu mahaifina ne ba.

Baba, ka cire batirin ka huta. Bana ma ba zan samu zuwa ba.

A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Garzali