Minti Ɗaya Aka Ba Ni In Ba Da Haƙuri

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da yara, da fatan kowa ya tashi lafiya. Admin ki sakaya sunana, sunayen da za ku ji a ciki ma duk na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana tara na kasa zama wuri ɗaya, in na zauna a tabarma sai in koma kujera, in na ɗauki tsintsiya sai in ajiye ban share ba.

Ni tsohuwa ce a nan Funtua, ban yi boko ba, kuma ban taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Maƙwabciyata Hajiya ce ke rubuta min wannan, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ita ce ma ta ce in kawo maganar nan. Na ce mata kar ta gyara min zance, yadda ya fito daga bakina haka za ta sa. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki da riƙe abu. A danginmu duk mai son sanin wa ya haifi wa, wace gona ce ta gado wace ce ta aro, wurina yake zuwa. Sau biyu ina tsayar da maganar aure don ni kaɗai na tuna yaran nono ɗaya suka sha.

Bara ne ɗiyar yayana, mu ce mata Malama Binta, tana koyarwa a firamare, ta buɗe mana guruf na dangi a waya. Bintar nan ni na yaye ta, a bayana ta yi wayo. Ita ta sa ni a ciki, ta nuna min inda zan danna in yi magana. Wallahi na ji daɗin abin nan. Na Maska, na Dandume, na Danja, har waɗanda aiki ya kai Legas, duk ga su a tafin hannuna. Ni dai murya nake saurare, murya nake turawa, mutane kuma da hotonsu nake gane su. Rubutu in na gan shi sai in ja yatsa in wuce, layin tururuwa ne a wurina, kuma ban taɓa tsayawa na faɗa wa kowa haka ba, na ɗauka an sani.

To mu yadda aka rene mu, in an gaishe ka sai ka amsa, kuma da suna, ka tambayi gida ka tambayi yara ka tambayi gajiya. Babba ya haɗa mutum talatin ya ce musu yauwa baki ɗaya, wannan wulaƙanci ne. Don haka duk Juma'a in suka fara turo barka da Juma'a, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya. Binta ta taɓa ce min Gwaggo muryoyin nan suna yawa, masu ƙaramar waya suna kuka. Na ce mata su canza waya, ni ba zan canza tarbiyya ba.

Yanzu ga inda abin ya ɓaci. Ina da ƙane da ya rasu da damina, Allah ya ji ƙansa, ya bar matarsa Laure da yara biyar da gonar masara guda a wajen Maska. Laure tana cikin takaba, ba ta fita. Masara ta yi, masu ƙwadago suka karya, inji ya cashe, aka shanya ta nan cikin gona a kan za a ɗura a buhu mota ta kwaso ran Juma'a. Mai motar da aka yi da shi bai zo ba, ga hadari na haɗowa ta gabas. Sai Laure ta sa a guruf cewa duk mai mota ko tamfol ya taimaka mata kafin la'asar. A rubuce ta sa, layi biyu, don tana jin nauyin yayyen mijinta su ji muryarta a cikin taro alhali tana takaba. Yarinya ce mai kunya, tun da aka kawo ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

A daidai lokacin ni kuma ina tsakiyar amsa gaisuwa. Na tura murya ta fi talatin a kan rubutunta. Ana cikin haka wani jikanmu na Legas ya tambaya wai ta yaya kakanmu ya baro Maska ya zo Funtua. Ai kuwa na gyara zama. Na ɗauko labarin tun daga shekarar fari, da jakinsa da ya ƙi haye rafi, da auduga da ya fara saye, kashi huɗu na yi shi. Jama'a suna ta Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, masu turo hoton fure suna turowa. Maganar Laure ta nutse can sama, masu karatun ma ba wanda ya ja baya ya gani. Binta tana makaranta, wayarta a jaka.

Bayan la'asar ruwa ya sauko, ya kwana ya wuni. Masarar da aka samu aka kwashe rabinta ta yi baƙi, wata har ta fara tsiro. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ranar nan a-kori-kurar ɗan farina tana tsaye a ƙofar gidana tun safe, direban yana ƙarƙashin darbejiya yana cin gyaɗa. Da kalma ɗaya ta shiga kunnena, kafin a sauko daga masallaci mota tana Maska.

Washegari Binta ta kafa dokoki a guruf, ta rubuta kuma ta karanta da murya, na san don ni ta karanta. Wai murya kar ta wuce minti ɗaya. Wai gaisuwar Juma'a sau ɗaya ce ga kowa, mai son gaisawa da wani ya bi shi ta wayarsa. Wai kafin ka yi magana ka duba abin da aka faɗa a sama, in da mai neman taimako a tsaya sai an amsa masa. Wai in za ka ba mutum amsa ka danna kan maganarsa, don a san da wa kake. Wai tarihi da labarai a bar su sai ran Lahadi. Ba ta kama suna ba, amma wa ke ba da tarihi a gidanmu in ba ni ba?

Raina ya ɓaci, a lokacin ban ma gama fahimtar abin da ya samu Laure ba. Na danna na yi mata minti tara a gaban kowa. Na tuna mata wanda ya wanke mata kashi, na ce boko ne ya koya mata auna wa manya magana da agogo, na ce ko ubanta bai isa ya ce min in taƙaita ba. Ta kira ni ta wayata, cikin ladabi, ta ce Gwaggo ki goge mu yi magana a gida. Na ce ban san goge magana ba, abin da na faɗa na faɗa. Sai ta cire ni. Ni, a guruf ɗin da sunan ubana ke kai.

Kwana uku ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Yayana ya aiko wai in yi haƙuri da yaran zamani, amma bai ce ɗiyarsa ta yi laifi ba. Da na ga shiru sai na hau mota na tafi Maska, a raina wai zan duba Laure, gaskiya kuma so nake in samu mai taya ni faɗa. Na tarar da masarar a shanye a tsakar gida, warin fumfuna tun daga zaure. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni har ƙasa. Ban gama buɗe baki ba ta ce Yaya ai ranar nan duk muryoyinki na saurara, ɗaya bayan ɗaya, ina cewa yanzu za ki ambace ni, kin kira sunan kowa ban ji nawa ba. Ta ce har kiranki na yi sau biyu. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana faɗa tana tsince baƙar masara daga cikin faifai.

Jama'a, na tuna kiran nan. Lamba ce ba hoto, ta shigo ina tsakiyar labarin jaki, na san in na ɗauka muryar za ta yanke, sai na kashe. Ta sake kira na sake kashewa, har na yi tsaki. Wannan maganar Laure ba ta faɗa wa kowa ba, Binta ma ba ta sani ba, yanzu sai Hajiyar da ke rubutu da ku. Na aika mata da masara daga rumbuna, ta karɓa ta yi godiya, amma godiyar irin wadda ake yi wa baƙo ce. A da in na je har tsokanata take yi wai na fi rediyo.

Jiya Binta ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ita ba so take in ba ta haƙuri ba, zagin da na yi mata ta yafe tun ranar. Ta ce za ta mayar da ni yau in ina so, ta kuma yi alkawarin duk maganar neman taimako za a riƙa sa ta da murya saboda irina. Sharaɗinta ɗaya, in shiga in ba Laure haƙuri a inda aka yi mata shiru, kuma cikin minti ɗaya kamar kowa. Na ce zan yi tunani, na juya mata baya, amma tana fita na ɗauki waya.

Na gwada ɗaukar muryar ban haƙurin sau bakwai, Hajiya tana riƙe da agogo. Kafin in gama sallama in gaida yayana da sauran manya minti ya cika, ban ko kai ga sunan Laure ba. Na takwas na tsallake gaisuwar, na ce Laure ki yafe min kin kira na kashe, Hajiya ta ce ko rabin minti bai kai ba. Da na saurara sai na ji kamar ba ni ba, kamar wata mara gida ce ta faɗo cikin taro ba sallama. Saƙon yana nan a waya ban goge ba ban tura ba.

To ku faɗa min. In tura shi haka tsirara, jikokina su ji Gwaggon da ke raba musu gardama tana cewa ita ta kashe waya? Ko in bar maganar kiran tsakanina da Laure, in ba da haƙurin yawan surutu kawai, alhali ita ta san saura? Ko in haƙura da guruf ɗin gaba ɗaya, tunda wurin da ake auna gaisuwa ba wurina ba ne, sai dai in na fita wa zai faɗa wa yaran nan wa ya sha nonon wa? Takabar Laure saura sati biyu ta fita, 'yan'uwanta na Danja sun fara maganar ta koma can da yaran, ba na so ta bar gidanmu da wannan a ranta.

Hajiya za ta karanta min amsoshinku, duka, tun daga na sama, ba zan tsallake ko ɗaya ba. Wanda zai ba ni shawara kar ya tsaya gaishe ni, yau na yafe gaisuwar, ya faɗi maganar kawai.