Hannun da ke Kafaɗarta

Litinin, 3 ga Maris
Mutuniyar ta dage sai mun yi hoton baiko. Ni da ko hoton katin aiki sai an kai ruwa rana nake tsayawa. Ta ce, "Ka fara koyon murmushi tun yanzu, kar mutane su ce dole aka yi maka." Na ce to, me zan ce? Ina son yarinyar nan. Asabar ta sama za a ɗauka, amma mai hoto ya ce mu fara zuwa gwaji.

Laraba, 5 ga Maris
Na tsaya gaban hoton su Mama na falo, wai in ga yadda ake tsayawa. Tun ina yaro yake rataye, ban taɓa kallonsa da kyau ba. Mama a zaune, marigayi Baba a tsaye bayanta, hannunsa a kafaɗarta. Sai yau na lura rigarta ta tattare a ƙarƙashin yatsunsa.

Na san hannun nan. Baba bai taɓa ɗaga murya gaban mutane ba. In Mama ta faɗi abin da bai so ba, dafa ta kawai yake yi, sai ta yi tsit. Bayan baƙi sun tafi, in ya ga tana murza wajen, ya ce, "Kin cika raki." Tun ina ƙarami na yi rantsuwa ba zan zama shi ba. Ko Mutuniyar ban taɓa gaya wa wannan ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Aski. Na ce wa mai askin ya yi min yadda ya ga dama. Da ya juya ni ga madubi sai na ga Baba na hoton falo yana kallona.

Asabar, 8 ga Maris
Gwaji. Shagon a saman bene yake, ba taga, sai farin labule da fitilu biyu masu lema. Mai hoto ya zaunar da ita a kujera, ni a bayanta. Da gangan na zuba hannuwana a aljihu. Wallahi na san na zuba.

Da ya juyo mana da kyamarar mu gani, ga hannuna a kafaɗarta.

Na ce, "Kai ka ce in dafa ta?"

Ya ce, "Ni? Yallaɓai, kafin in buɗe baki har ka dafa. Ai haka ma ya fi kyau."

Mutuniyar ta yi dariya, ta ce ashe ina da ƙarfi. A hoton ba dariya take ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na nuna wa Mama a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kife wayar a tabarma, ta tashi ta hau wanke kofunan da ƙanwata ta gama wankewa. Daga can ta ce, "Ranar, ka bar yarinyar mutane ta tsaya, kai ka zauna." Ba ta juyo ba.

Talata, 11 ga Maris
Ina neman maɓallin riga a durowa na ci karo da agogon Baba. Tun rasuwarsa ya tsaya. Na gwada shi don wasa, ya zauna min cif, ramin da ya saba sa maɗaurin shi ne nawa. Ina cikin cin abinci a ofis na ji ƙas-ƙas a hannuna. An ce irinsu motsin hannu ke tashe su. To.

Alhamis, 13 ga Maris
Tsoro nake ji. Na rubuta mata saƙo cewa mu fasa hoton, na goge. Me zan ce mata, hannuna nake tsoro? Ai sai ta mai da ni abin tsokana har mu tsufa. Zan bi maganar Mama, in zauna, shi ke nan.

Asabar, 15 ga Maris
An ɗauka. Ta yi kyau har na kasa kallonta sosai. Na zauna, ta tsaya, aka yi ta ɗauka, tana tsokanata wai na ƙame kamar an kawo ni allura. Can wajen ƙarshe mai hoto ya ce mu canza wuri, guda ɗaya kawai. Ta zauna tana ba shi labarin yadda na so gudu, su duka suna dariya, har yaron shagon. Ban ji haushi ba, na san ban ji ba. Kawai dai ta yi shiru a tsakiyar magana, fitila ta haska.

Litinin, 17 ga Maris
Hotuna sun fito. Ta zaɓi wanda nake zaune, na ce na ƙarshen za a sa a firam, shi ya fi tsari. Ba ta ja ba. Ita da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Mama ta ga firam ɗin, ba ta ce Allah ya sa alheri ba. Agogo kawai take kallo a hannuna.

Da na raka Mutuniyar bakin titi, ta mai da jakarta ɗaya kafaɗar, ta ce wannan tun Asabar take mata ciwo. Na ce ta cika raki.

Magana ce kawai. Kowa ma yana faɗa.